Ɗaukar Fayafayen Surukina a Kaset

Shekara biyu da aurena, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Malumfashi, na sayi rakoda mai cin batir shida. Ban saye ta don son kiɗa ba, na saye ta ne don a san na saya. Duk ranar Asabar in za mu je gaida iyayen mai ɗakina a ƙauyensu da ke gefen hanyar Kafur, sai ta rungume rakodar a bayan babur, mu shiga gari tana tashi, mutane na waiwaye, ni kuma ina yi kamar ban gan su ba.

Surukina manomin auduga ne, dogo, mai farin gemu, mai muryar da in ya yi kira a gona ana ji a tsallaken rafi. Yana da garmaho irin mai akwati, wanda ake wanawa da hannu, da fayafayai ashirin da shida a cikin wata adakar ƙarfe. Kullum bayan la'asar ana shimfiɗa tabarmi a zaurensa, dattawan unguwa su hallara, ya wana garmaho ya sa musu waƙa. Wani a garin an san shi da rijiya, wani da shanun huɗa, shi kuwa da garmaho aka san shi, kuma ba ya wasa da wannan suna.

To, garmaho ba ya magana sai da allura, wata 'yar ƙusa ta ƙarfe da ke bin layin faifai, kuma dakushewa take yi bayan waƙa shida ko bakwai. Da can a kasuwar Funtua yake sayo ta gwangwani guda. A shekarar da nake magana mai shagon ya daina kawowa, ya ce ko a Zariya babu, duniya ta koma kaset. Surukina ya gwada wasa tsofaffin a dutsen askar wanzamin garin, wanda amininsa ne tun ƙuruciya, sai suka riƙa kankare faifai suna fitar da baƙin gari. Ya zazzage gwangwanin ya ga sababbin da suka rage goma sha ɗaya ne. In suka ƙare, waƙoƙin sun mutu a cikin adaka, zauren kuma ya watse. Abin ya dame shi har ya rage cin tuwo, in ji surukata.

Wanzamin ne ya tsegunta masa cewa akwatin da nake yawo da shi ba fitar da magana kawai yake yi ba, har haɗiya yana yi. Asabar ta gaba aka ce Baba na kirana a zaure.

Wanda bai yi zaman suruki a ƙauyen nan ba, ba zai gane halin da nake ciki ba. Tun daga ƙofar gida nake cire takalmi. A durƙushe nake gaishe shi, idona a ƙasa. Ba na cin abinci a gabansa ko yunwa za ta kayar da ni, kuma duk abin da ya faɗa amsata ɗaya ce, haka ne Baba. Mai ɗakina kuwa 'yar fari ce, ba ya kiran sunanta, ba ya yi mata magana kai tsaye, ita ma ba ta zama inda yake. Wato duk gidan babu wanda ya fi mu biyun nan nisa da kunnensa.

Ya tambaye ni ko gaskiya ne akwatina zai iya kwashe waƙoƙinsa kafin allura ta ƙare. Na ce zai iya, na ƙara da bayanin da ba a tambaye ni ba, saboda a lokacin ina ji da kaina. Ya karɓi kaset ɗaya ya jinjina shi a tafin hannu, ya ɗaga shi ya leƙa ta 'yar tagar da ake ganin zaren. Ya tambayi waƙa nawa ke shiga ciki. Na ce in mai tsawo ne sun fi talatin.

“Malam,” ya ce, “na ga yadda ake yi wa auduga a injin gurza na Funtua. Lodin mota guda sai ya koma dila kaɗan, amma sai an cire anguryar an matse. Su waƙoƙin nawa me za a cire musu kafin su shiga nan?”

Na ce babu abin da za a cire. Ya ce to, in samo masa kaset lamba ɗaya, kamar yadda ake ware auduga a wurin awo, shi ba ya son lamba biyu.

Duk wannan mako ban yi wata hira a makaranta ba sai ta kaset. Hedimastanmu ya ce in ana son aiki mai kyau sai dai irin babbar na'urar nan mai faifan zare biyu da ake amfani da ita a gidan rediyo, amma daga ni har shi babu wanda ya taɓa ganinta ido da ido. Ranar kasuwa na hau babur na tafi Funtua. Mai sayar da kaset ya baje mini iri uku. Akwai mai minti sittin, akwai mai casa'in, akwai mai ɗari da ashirin. Ya ce in don ajiya nake so in ɗauki mai sittin, zarensa ya fi kauri, shi kuwa mai ɗari da ashirin siriri ne ƙwarai, rakoda tauna shi take yi. Na dube shi sama da ƙasa. Ni da ke koyar da lissafi a aji shida, mai tebur a kasuwa zai gaya mini sittin ta fi ɗari da ashirin? Ban da haka, ta yaya zan kai wa suruki ƙaramin abu alhali ga babba a ajiye? Na ɗauki dogon guda biyu, na yi masa sallama a daƙile.

Babu wata waya da ke haɗa garmaho da rakoda. Dabarar ita ce a kifa turmi a gaban garmaho, a ɗora rakoda a kai tana fuskantarsa, a danna maɓallai biyu tare, ja da baƙi. Daga nan duk abin da ya yi motsi a zauren ya shiga. Na yi wannan bayani ina kallon tabarma, don kada a ce da wani nake. Dattawa duk suka gyaɗa kai. Surukina ya wana garmaho, ya sa sabuwar allura, ya sauke ta a kan faifai, ni kuma na danna.

Kafin mawaƙin ya buɗe baki, surukina ya riga shi.

Na sha zama a zauren nan, amma sai ranar na lura cewa shi ba sauraron waƙa yake yi ba, rakiya yake yi mata. Zai faɗi wanda ake yi wa waƙar, da garin da ya fito, da abin da ya kashe ubansa. Zai faɗi shekarar da ya sayi faifan, da irin ruwan da aka yi a daminar, da yadda tsutsa ta ci auduga a fadama. In makaɗi ya canja kiɗa sai ya ce ku ji nan, ku ji nan, ya kuma hana kowa ji. Muna cikin waƙa ta uku wani mutum ya yi sallama yana cigiyar tunkiya. Sallama kuwa ba a ƙin amsa ta don ana ɗaukar kaset. Aka amsa, aka tambayi gajiya, aka tambayi gida, aka tambayi aiki, aka kwatanta tunkiyar tun daga kunne har wutsiya, waƙar ta ƙare ana nan a kan ƙafarta ta baya da ke ɗingishi.

Da allurar farko ta dakushe aka ce in mayar a ji. Na mayar da zare na kunna. Dattawa suka matso, wasu har da cire hula suna sosa kai. Da aka zo wurin da mai tunkiya ya yi sallama, duk zauren ya amsa gaba ɗaya, wanzami har ya muskuta ya ba shi wurin zama. Aka yi dariya, sannan gardama ta tashi a kan ko sallamar cikin kaset tana da haƙƙin amsawa. Aka tsaya a kan cewa a riƙa amsawa, tun da ba a san inda lada yake ba. Shekaru bayan nan haka aka ci gaba da yi.

Surukina shi kaɗai bai yi dariya ba. Ya haɗe gira yana sauraro, can ya tambaya wane ne wannan marar ladabi da ke ta surutu a kan waƙa. Wanzami ya ce ai kai ne. Ya ce ba shi ba ne, shi ba ya magana ta hanci kamar wanda aka toshe wa maƙoshi. Da aka tabbatar masa, sai ya juyo wajena ya ce abin da ya faɗa tun farko ke nan, an matse, an cire wa muryarsa angurya, in an yi wa tasa haka to ta mawaƙan ma an yi. Ban kai ga cewa haka ne Baba ba, sai rakoda ta yi wani irin nishi, muryar mawaƙin ta ja kamar mai ciwon ciki, ta tsaya. Na buɗe, na tarar da zare ya cukurkuɗe kamar taliya. Na daɗe ina zaro shi da biro, gumi na ɗiga daga haɓata, dattawa na yi mini sannu.

A hanyar komawa gida na gaya wa mai ɗakina cewa dole a sami wanda zai ce wa Baba ya riƙa yin shiru in ana ɗauka. Ta ce ita dai ba ruwanta, amma za ta gaya wa Inna. Inna ta ce ita ma ba za ta iya faɗa masa haka gatsau ba, amma za ta san yadda ta yi. Abin da ya isa kunnensa a kan kwanon tuwo shi ne, Malam ya ce mutane na cika hayaniya.

Asabar ta biyu na zo da mai casa'in. Wurin wani mai tebur dabam na saya, don ba zan iya haɗa ido da na farko ba. Na tarar surukina ya ɗauki maganar da muhimmanci. Ya ajiye sanda a gefensa. Ina dannawa ya ɗaga murya ya ce kowa ya yi shiru, Malam na ɗauka. Wani ya yi tari, ya tsawata masa. Kaza ta leƙo, ya kore ta da bayani. Ya miƙe ya yi magana ta kan katanga cewa a dakata da daka, matan maƙwabta suka tambayi dalili, ya faɗa musu dalili tun daga tushe. Da wuri ya yi tsit, sai ya shiga yi wa dattawa nasiha a kan amfanin shiru, da yadda mutanen yanzu ba su iya kame baki ba. Allura biyu muka ci a ranar. Zaren bai tauna ba, amma da ya ji muryarsa ya ce har yanzu da sauran matsi, wannan lamba biyu ne, a sake daga farko.

Na zauna na yi lissafi, wannan karon da sanyin jiki. Allura takwas suka rage, kuma daidai suke da waƙoƙin, babu ko ɗaya ta gyara. Na koma Funtua wurin mai tebur na farko na ce ya ba ni mai sittin guda uku. Murmushi kawai ya yi yana sa su a takarda, ni kuwa da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muryar surukina a mai sittin ba ta da wani bambanci da ta sauran. Amma wanzami ya ga halin da nake ciki, kuma ya san allura ta kusa ƙarewa. Ana kunnawa ya dafa ƙirji ya rantse cewa wannan ita ce muryar sak, har ma ta fi kama da ta lokacin samartakarsu. Sauran dattawa suka mara masa baya. Surukina ya karkata kai ya saurara, ya shafa gemu, ya ce e to, wannan ba a cire masa komai ba. Haka aka yi mai sittin ya zama lamba ɗaya a ƙauyen, har masu aure suka riƙa neman irinsa.

Muka ci gaba, Asabar bayan Asabar, surukina yana wana garmaho yana bayani, ina dannawa ina haɗiye takaici. Wata rana malaman makarantarmu suka matsa in kunna musu aikin da na ishe su da labarinsa. Suka saurara, sai hedimasta ya ce shirin noma ne mai ilmantarwa ƙwarai, illa dai kiɗan da aka sa a ƙasa yana ɗan hana jin mai jawabi. An yi mako ana yi mini dariya a ofis. Abin ya tsaya mini a rai. Na ƙudurta cewa ko waƙa ɗaya ce sai na fitar da ita tas, in nuna musu, in kuma bar wa tsohon wani abu mai kyau ko da bai san ya samu ba.

Asabar ta ƙarshe allura ɗaya ta rage, ita ma ta ci rabinta. Surukina ya zura hannu can ƙasan adaka ya fito da faifan ƙarshe, naɗe a cikin wani tsohon ƙyalle, gefensa da ɗan tsagu. Fuska ɗaya ce ke da rai, ɗayar ta goge. Yana warware ƙyallen ya riga ya fara magana, da ƙarfi fiye da kullum, a kan jirgin ƙasa da lokacin da aka yi ta jiran taragon auduga a tasha. Ya wana garmaho yana yi, ya ɗaga allura yana yi. Yatsuna na kan maɓallai. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

“Baba, don Allah a yi shiru, minti uku kawai.”

Zauren ya yi tsit yadda ban taɓa ji ba. Wanzami ya dube ni ya kau da kai. Surukina ya tsaya da allura a hannu, ya kalle ni, ni ma a karo na farko tun da na auri 'yarsa na kalle shi cikin ido. Bai yi fushi ba. Cewa ya yi to, Malam, ya sauke allurar.

Waƙar noma ce, ba ta baƙin ciki ba, irin mai zafin nan da ake yi wa samari in an jera kunya ana tsere. Ganga na tashi, mawaƙi na zuga, 'yan amshi na karɓa. Ban taɓa jin garmahon nan ya fitar da sauti haka ba. Raina ya yi fari, ina kallon zare na juyawa, ina ƙirga yadda zan kunna wa hedimasta. Can na ɗaga kai. Surukina na zaune ya dafa gwiwoyinsa, bakinsa a rufe gam, hawaye na bin gemunsa suna ɗiga a kan rigarsa. Bai share ba, bai motsa ba, don an ce kada a yi motsi. Dattawa duk sun sunkuyar da kai. Minti ukun nan sun yi mini tsawo, amma ban iya tsayar da rakodar ba, shi ma bai ɗaga allurar ba har ta kai ƙarshe.

“An ɗauka?” ya tambaya.

Na ce an ɗauka, Baba. Ya naɗe faifan a ƙyallensa, ya ce zai shiga ya yi alwala.

Wanzami ya rako ni har wurin babur, a nan ya gaya mini. Surukina yana da ƙane da suke noma gandu ɗaya, tare suka sayi garmahon, kuma ƙanen ne ya sayo wannan faifan, ita yake rerawa in suna huɗa. Ya rasu yana saurayi, ciwon kwana biyu, ana tsakiyar damina. Tun daga nan yayan ba ya iya tsallake faifan, ba ya kuma iya jin sa, sai ya sa shi ya bi shi da magana har ya ƙare. Daga kan wannan faifan surutun ya samo asali, ya bi sauran. Duk dattawan zauren sun sani, shi ya sa fiye da shekara ashirin babu wanda ya taɓa ce masa ya yi shiru. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na kasa ko tada babur, sai da wanzami ya tura ni.

Waƙoƙin dai sun tsira, zauren bai watse ba. Surukina ya sayi tasa rakodar da kaka ta zo, aka ci gaba da taruwa bayan la'asar, ana jin waƙa da bayani biyu, na cikin kaset da na zaune, wani lokaci ma suna ƙaryata juna. Waƙar ƙarshen nan da ta fito tas ban kunna wa hedimasta ba, ban kunna wa kowa ba.

Surukina ya ƙara shekaru da yawa a duniya, kuma bai taɓa tayar mini da maganar ba. Sai dai duk ranar da na je, nakan jiyo muryarsa tun daga inda nake cire takalmi, yana bayani, dattawa na dariya. Ina yin sallama zai amsa, ya tambayi gajiya da gida, sannan ya naɗe hannu ya yi shiru don Malam ya ji waƙa. Sau da yawa na so in ce Baba a ci gaba, amma bakina bai sake buɗewa a gabansa ba. Da na ga zamana na hana shi sakewa, sai na riƙa gaisuwa a gurguje in fito, in tsaya a bayan zauren kusa da babur, ina jin sa ta tagar yana bayani.